Hujin Da Malami Ya Ƙi Toshewa

Duk wanda ya taɓa tura mataccen babur a Ƙaura Namoda ya san Malami Mai Farce. In bai san fuskarsa ba, ya san faɗansa, don mutum ne da ake jiyo muryarsa tun daga layin dogo. Rumfarsa tana bayan tsohuwar tashar jirgi, kwano huɗu a kan itace shida, da benci ɗaya da ya sha baƙin mai har ya daina ɓata wa mutane riga. Gajere ne, baƙi, mai ɗan gemu tsilli-tsilli. Shekara talatin da wani abu yana wannan wuri. Ya fara da facin keke, ya koma babur, ya shiga injin ban ruwa na masu lambu a bakin gulbin Gagare, har Allah ya kawo zamanin keken kaya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya, wanda injinsa ke shan ruwa irin na mota. A kan wannan keke sunansa ya fita, har daga Shinkafi da Jangeru ake kawo masa aiki.

Farcen kuwa na babban yatsansa ne na dama. Ya tara shi, yana gyara bakinsa da 'yar samfefa kowace safiya, sauran taran kuma a yanke ƙwal. Limamin unguwa ya yi masa magana sau uku a kan tara ƙumba, sau uku Malami yana cewa, "Allah gafarta Malam, wanga ba ado ba ne, kayan aiki ne." Matarsa Maimunatu ta yi mita har ta gaji, ta ware masa cokali. Masu tsokana su ce da shi yake kwance noti in sifana ta ɓace. Ba ya tanka musu, sai dai ya ɗaga yatsan ya hure shi.

Ga abin da farcen ke yi. A jikin injin keken kaya akwai famfon ruwa, ɗan abu ne da bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa akwai shaf, wani ɗan sandan ƙarfe mai kaurin yatsa, shi ke juya fankar da ke kora ruwa zuwa lagireto don kada inji ya ƙone. Shaf ɗin ya ratsa ta cikin sil guda biyu, ɗaya yana tare ruwa, ɗaya yana tare baƙin mai, don ba a son su haɗu ko da wasa. A tsakanin sil ɗin nan biyu, maƙeran injin sun bar wani ɗan huji ta ƙasa. Ranar da sil ɗin ruwa ya fara gajiya, sai ruwan ya ɗigo ta hujin ya faɗi ƙasa, mai keke ya gani ya san lokacin gyara ya yi.

To, mutanenmu fa? Da sun ga ɗiga sai su nemi sabulu ko gam su liƙe hujin, su karkaɗe hannu, wai su a dole sun yi gyara. Ruwan da aka hana fita kuwa ba haƙura yake yi ba, bi yake ta ɗaya sil ɗin ya faɗa cikin mai. Bayan 'yan kwanaki ka duba man ka tarar ya yi fari kamar kindirmo, injin ya ci kansa. Masu ɗan tsoron Allah a cikin kanikawa su canza sil, amma ba sa duba shaf. Shi kuwa shaf, in ya daɗe yana juyawa cikin ruwan rafi mai yashi, wani siririn zobe yake cinyewa a jikinsa, wanda ido ba ya gani. Ka sa masa sabon sil, ya tauna shi cikin mako guda. Wannan zoben ne Malami ke nema. Zai rufe ido ya ja farcen a jikin ƙarfen a hankali, in farcen ya yi tuntuɓe, magana ta ƙare, sai an sayi sabon shaf ko mai keke ya kwashi kayansa ya yi gaba.

Kuma wallahi yana korar mutane. In ya leƙa ƙarƙashin inji ya ga sabulu a huji, sai ya miƙe tsaye ya tara jama'a. "Ku zo ku ga aikin jaki! Inji shina gaya maka ba shi da lahiya, kai kuma ka toshe mai baki. In ɗanka ya yi kuka, tsumma kake cusa mai?" Wanda ake wa faɗan ya yi ta sosa ƙeya, 'yan benci su yi ta dariya. Shekara da shekaru ba a taɓa jin keken da ya fita daga hannunsa ya dawo da ciwon da aka kai shi ba, kuma shi kansa ya san da haka, ya san da shi fiye da kima.

Mutum ɗaya ce a duniya ke ce masa ya yi shiru ya yi, ita ce yayarsa Tasalla. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, a Tungar Ƙirya, wani ɗan ƙauye da ke gaba da Zurmi. Tasalla ta tafi da shi ɗakin aurenta, ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya, kuma duk ranar Juma'a sai ta matse shi tsakanin gwiwoyinta ta yanke masa farce da reza yana ihu. Da ya tasa ya ce shi ƙarfe yake so ba garma ba, ita ta kama tunkiyarta ta kai kasuwa, ta sa shi a mota zuwa Ƙaura. Shi ya sa ko da furfura ta fito masa, in ya je gaishe ta da Sallah, sai ta kama hannunsa ta duba yatsan ta yi tsaki. "Malami, ba ni reza in raba ka da ƙazantar ga." Ya ɓoye hannun a aljihu yana dariya. Amma da ya ba da baya, ba wanda ya kai ta fariya da shi. Matan ƙauyen har sun haddace maganarta, cewa ƙanenta ba ya gyara abu sau biyu.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ba ta iya tsayuwa, ba ta iya zama a bayan babur, sai dai a kwantar a tayar. A daidai lokacin kuma mutanen daji suka matsa wa yankin, yau a kore shanu, gobe a tare hanya, jibi a ɗauki mutum a gonarsa. Ɗanta Lado, mutum mai sanyin hali da ke dakon buhunan hatsi da keken kaya a kasuwar Ƙaura, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa ya dawo gari. Ya yi juyin duniya uwar ta biyo su, ta ƙi. Ta ce ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki, a nan za a zo a ɗauke ta. Matan maƙwabcinta Hassan ne ke kai mata abinci, suna juya ta.

Wata Litinin ta tsakiyar bazara, da hantsi, rana ta riga ta fara cin mutane, sai ga Lado ya tsaya a bakin rumfa, kekensa na huci. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Kawu, mutanen daji sun aiko Tunga. Sun ce kowa ya tashi kafin Juma'a. Inna ta yarda, ta ce in zo in ɗauke ta."

Ai ka ce Malami fuskar ɗan yayarsa zai duba. Ina! Ƙarƙashin keken ya duba. Ruwa ne ke zuba ta hujin, ba ɗiga ba, tsiyaya, har ya yi ɗan tafki a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Ya kai sati uku, Kawu."

"Sati uku! Kai ɗan gidana ne kuwa? Kullum ta gaban rumfar ga kake wucewa!"

Lado ya sunkuyar da kai. Ya ce da ɗiga ce kawai, jiya ta ɓalle. Daga kasuwa zuwa nan ya juye masa rabin jarka. Ba sai an faɗa wa kowa ba, hanyar Zurmi a kwanakin nan ba hanyar da mutum zai riƙa tsayawa yana ɗura ruwa yana jiran inji ya huce ba ce. Wanda ya hau ta, addu'a yake yi kada ko tayarsa ta yi faci.

Malami ya tsuguna ya kwance murfin famfon, ya cire fanka, ya zaro shaf ɗin ya goge da tsumma. Ya rufe ido ya ja farce. Farcen ya faɗa cikin zoben har da ɗan ƙara, ƙyas. Ya buɗe ido ya ƙwala wa Uzoma kira. Uzoma Ibo ne mai shagon kayan gyara a tsallaken titi, ya shekara ashirin a Ƙaura, Hausarsa har ta fi ta wasu 'yan gari. Ya zo ya juya shaf ɗin ya girgiza kai. Ya ce irin wannan babu, shaf da sil tare suke zuwa a leda ɗaya, na ƙarshe ya fita makon jiya. Amma zai buga waya Gusau, gobe da safe yana nan.

Lado ya tsuguna kusa da kawunsa ya rage murya. "Kawu, don Allah mayar da shi yadda yake, ka liƙe hujin. In je in dawo yau ɗin nan. In injin ya mutu bayan nan, ya mutu, na yafe shi."

Uzoma ma ya sa baki. "Oga Malami, liƙe masa mana. Zuwa da dawowa ne kawai. Uwa ce fa."

A nan ne abin yake, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Malami ya san keken zai kai. Ba wanda ya fi shi sani. Ya sha ganin injin da aka liƙe ya je Shinkafi ya dawo sau biyu kafin mansa ya yi fari, balle Tungar Ƙirya da ba ta fi tafiyar awa biyu ba. Amma bencin cike yake a ranar, kuma biyu daga cikin masu zaman ya taɓa kiransu jakai a kan wannan huji. Sun zuba masa ido, ɗaya har da ɗan murmushi a gefen baki. Ya dubi su, ya dubi Lado, ya ce a ransa ai wa'adin Juma'a ne, yau kuwa Litinin.

"Ni? Ni Malami in cusa sabulu a inji? In ɗora yayata a kan ha'inci in tura ta daji?"

"Kawu..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya ɗauki ƙusa da guduma, ya kifa gidan famfon a kan katako, ya buga wa tsohon sil ɗin sau ɗaya. Farin zoben da ke cikinsa, mai kama da tangaran, ya tarwatse a ƙasa. Ya jefar da gudumar.

"To, yanzu a liƙe in gani."

'Yan benci suka yi dariya, amma ba ta yi ƙarfi ba. Uzoma ya juya ya tsallaka titi. Lado ya daɗe yana kallon gutsattsarin a cikin ƙasa, sannan ya ce, "To, Kawu." Ya koma gefe ya yi ta neman Hassan a waya, don a Tunga sai mutum ya hau tudun bayan gari ake samunsa. Da kyar ta shiga. Ya ce a gaya wa Inna gobe yana nan tafe, Kawu Malami ne ke gyara keken da hannunsa.

Talata ta zo, kaya bai zo ba. Na Gusau ya ce shi ma babu, sai Kano, amma an ba direba, yana hanya. Lado ya zaga tasha kaf yana neman motar da za ta shiga Tungar Ƙirya, direbobi suna jin sunan garin sai su kau da kai. Malami da kansa ya ajiye girman kai ya bi gidajen mutum uku da ya raya wa keke bayan kowa ya ce ya mutu. Na farko ya ce nasa na ƙauye. Na biyu ya ce ba shi da birki. Na uku ya fi su gaskiya, ya ce, "Malami, da shi nike ci da 'ya'ya tara. In anka karɓe shi a hanya, mi zan ce musu?" Malami ya dawo rumfa ya zauna, ranar ko mutum ɗaya bai yi wa faɗa ba.

Laraba tun safe wayar Hassan ta daina shiga. Lado ya buga har cajinsa ya ƙare, ya ari ta Uzoma ya ci gaba. Ya nemi ɗan acaɓa ya kai shi ko don ya zauna kusa da ita, ba wanda ya yarda. Sai bayan la'asar ledar ta iso daga Kano, Uzoma ya kawo ta da gudu kamar ba mai tumbi ba.

In gaskiya za a bi, Malami bai taɓa yin aiki mai kyau irin na wannan yamma ba. Ya wanke gidan famfon da fetur har yana ƙyalli. Ya ja farce a jikin sabon shaf ɗin, sumul, ba inda ya tsaya. Fuskar sabon sil ɗin ko yatsa bai bari ya taɓa ta ba, ya jiƙa gefensa da ruwan sabulu ya danna shi a hankali har ya zauna daidai. Ya ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can, don kada murfin ya karkace. Ya cika lagireto, ya tayar da inji, ya shimfiɗa takardar siminti a ƙarƙashinsa, ya bar shi yana aiki rabin awa. Da ya janyo takardar, ƙamas take, ko ɗigo babu. Ya ɗaga ta ya nuna wa Lado. Lado dai rana yake kallo, ta riga ta yi ƙasa, kuma ba mai hankalin da ke hawa hanyar nan da yamma.

Alhamis gari na wayewa Lado ya shimfiɗa katifa a bodin keken ya kama hanya. Maimunatu ta share ɗakin da za a sauki Tasalla, ta dama kunun tsamiya, ta ɗora tukunya. Malami kuwa, a hanyarsa ta zuwa rumfa, ya tsaya wajen mai tebur ya sayi sabuwar reza guda ɗaya ya sa a aljihu. Nufinsa in an sauke ta ya miƙa mata ya ce, "Yaya, ga reza, amma sai kin kama ni." Yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

Ana kiran azahar ya jiyo injin tun daga nesa. Ya gane shi, ba ya ɓace masa a cikin dubu. Lafiya lau yake kuka, ba tari, ba shaƙewa. Har ya miƙe ya dubi 'yan benci ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura keken a hankali yake tafe, irin tafiyar da ba ta gaggawa. Lado ya tsaya a bakin rumfa ya kashe inji, bai sauko ba. A bodin, a kan katifar, an lulluɓe mutum da zane tun daga kai har ƙafa, ga ɗan ƙunshin kaya a gefe.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji wani a benci. Sauran suka amsa.

Lado ya ce ya tarar da garin ba kowa, ko kaza. A hanya aka gaya masa ranar Laraba da hantsi aka ji harbi a ƙauyen da ke kusa, mutanen daji ba su jira Juma'ar da suka faɗa ba, sauran mutanen Tunga suka watse cikin daji da ƙafa, kowa ya ja nasa. Ba su ma shigo Tungar ba, ashe, wucewa suka yi. Ita kuwa ya same ta a bakin zaure, rabin jikinta a waje. Ta sa zanenta na fita, ta ɗaura kallabi, ta ja jiki da hannu ɗaya tun daga ɗaki har ƙofar da ake hango hanya, ƙunshinta a kusa da ita. Inuwar zauren ta safe ce kawai. Butar da aka bar mata tana can cikin ɗaki, cike da ruwa. Ba wanda zai taya shi haƙa kabari, shi ya sa ya taho da ita.

Malami bai yi kuka ba a lokacin. Abin da ya yi, har gobe in ya tuna sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kafin ya san abin da yake yi, idonsa ya kai ƙarƙashin injin, kuma wurin a bushe yake.

Aka yi mata sutura bayan la'asar a maƙabartar Ƙaura, garin da ta ƙi zuwa da ranta. Ranar uku, ana zaman makoki a ƙofar gidan Malami, sai ga Hassan maƙwabcinta, ƙafafunsa duk sun fashe, ya kwana biyu a hanya kafin ya kai iyalinsa Zurmi. Dattijo ne mai tsoron Allah, bai zo da nufin cutar da kowa ba. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya matso kusa da Malami don ya sanyaya masa zuciya.

"Malami, ka gode wa Allah, ta tahi tana shi maka albarka. Ran Talata da munka ɗora tsofaffi da yara a amalanken shanu, na gyara mata wuri, har tabarma na shimfiɗa. Na ce Tasalla taho mu tahi, Lado ya iske ki Zurmi. Ta ce a'a. Ta ce Lado na zuwa yau, ƙanena ne ke gyaran keken da hannunshi, shi kuwa ba ya gyara abu sau biyu. In na bi ku, yaron ya zo bai iske ni ba, ya shiga daji nemana. Na yi, na yi, ta ƙi. Wallahi ban taɓa ganin wadda ta yarda da ɗan'uwanta kamar ita ba."

Mutane suka ce Allahu akbar, Allah ya jiƙanta. Malami ya ce amin. Ya miƙe ya shiga gida, ya wuce Maimunatu da matan da ke tsakar gida, ya shiga ɗakin da aka share wa Tasalla ya turo ƙofa. A nan aka ji muryar da ake jiyowa daga layin dogo tana kuka irin na ƙaramin yaro, ba wadda ta iya shiga.

Da a ce Lado ya zage shi, da ya samu sauƙi. Da ya ce masa, Kawu, kai ka kashe min uwa, da ya samu abin riƙewa. Amma Lado bai taɓa cewa uffan ba. Kowa ya tayar da maganar sai ya ce kwana ne ya ƙare. Kullum da safe yana tsayawa a bakin rumfa ya gaishe da kawunsa, ya tambayi kwanan iyali, ya wuce kasuwa. Kullum kuma, da ya ja keken, Malami sai ya dubi inda ya tsaya. Allah ya sani ɗigo ɗaya yake nema, ɗaya tak, ko zai ce wa kansa ai ko gyaran kirki ma yana ɓaci, ba a hannunsa abin yake ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, wata bazarar ta kama, wurin nan a bushe.

Ranar sadakar arba'in ne ya sa tsohuwar rigar da ya sa ran Alhamis ɗin, ya ji wani abu a aljihu. Rezar ce, ko takardarta ba a buɗe ba. Ya zauna a bakin rijiyar gida ya yanke farcen har sai da ya taɓa nama. Maimunatu ta gani. Da dare ya yi, ta kawo masa tuwo ba cokali, sai kuma ta koma ta ɗauko, ta rasa wanne ya fi.

Yanzu shekara biyu ke nan. Rumfar tana nan, bencin yana nan, amma ba a taruwa, don ba abin kallo. Ba ya faɗa, ba ya koran kowa. A cikin akwatin kayan aikinsa, inda samfefa take da, akwai gam mai haɗi biyu da guntun sabulu. Aikin Shinkafi da Jangeru ya ja baya, kekunan da suka fita daga hannunsa sun fara dawowa da farin mai. Uzoma ya taɓa tsallakowa ya ce, "Oga Malami, yanzu fa shaf ɗin nan har guda goma na ajiye, ba ya yankewa." Malami ya ce ya gode, bai aika an karɓo ko ɗaya ba.

Kwanan baya wani mutum ya zo daga wajen garin Ɗan Isa, kekensa shaƙe da albasa, famfon yana ɗiga. Ya yi sallama ya ce an kwatanta masa wani Mai Farce, wanda in ya taɓa inji an gama.

Malami ya leƙa ƙarƙashin keken, ya ɗago. "Wa ke jiranka?"

Mutumin ya yi dariya. "Jira kuma? Ba kowa, Baba. Albasa ce, kasuwa ma sai jibi. In kwana biyu ne zan bar shi, ni dai a yi min mai kyau."

"Akwai mai jira," in ji Malami. "Kai ne ba ka sani ba."

Ya jawo akwatin, ya matsa gam ɗin a kan murfin gwangwani, ya fara cuɗawa da tsinke.